Yaya, ga amsar maganar kai yara gidan tarihi

Yaya barka da war haka, tun jiya na ga saƙonka ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce ka ga su Ummi a WhatsApp da tsinkaye da kwali, kuma ka ji wai gidan gumaka masu tsiraici za a kai su, ko mun koma Turawa ne. Wallahi sai da na yi dariya, amma ban ga laifinka ba don mu ma da muka zo haka muka ɗauka.

Nan Italiya makaranta ce ke kwasar yara tun suna firamare ta kai su gidajen tarihi, su gita suke ce ma fitar, a aiko takarda ka sa hannu. In ka hana naka to washegari 'yan aji na ta labari shi yana zare ido kamar baƙo. Shi ya sa mu matan nan, da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da na zangon Kumasi, muka ce gara mu riga malamar. In saura sati biyu a tafi sai mu tara su ranar Asabar bayan an tashi islamiyya, yau gidan wannan wani satin gidan waccan.

Zamanin da suke ta alfahari da shi Rinascimento suke ce mai, wato farfaɗowa, daga wajen 1400 zuwa cikin 1500. To yaro ɗan shekara shida ina ruwansa da lamba? Ni cewa nake musu lokacin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, 1463 zuwa 1499, a lokacin ne wani mai zane Leonardo ɗan ƙauyen Vinci yake nan Milan yana ma mai garin, Ludovico Sforza, aiki. Ya gama babban zanensa na bango a 1498, shekarar da ake cewa an kafa marinar Ƙofar Mata. Nan take sai ka ga sun nutsu, tunda Kano garin kaka ne.

Sauran duk wasa ne. Leonardo bahago ne, kuma daga dama zuwa hagu yake rubutu sai an kara madubi ake karantawa da sauƙi, Turawan aji abin na ba su mamaki, namu kuwa suka ce ai haka muke rubuta allo, to ka ji. Sai gadar da ya zana wadda ba ƙusa ba igiya, itatuwa ne kawai ke danne juna, mu da tsinken tsire muke yi, ta rushe sau goma a yi kuka a sake, ranar da ta tsaya har kofi muka ɗora mata. Fenti kuma da kwanduwar ƙwai ake kwaɓa garin launi kamar yadda masu zanen da ke yi, ni kurkum na zuba, kada ka tambaye ni yadda labulena ya ƙare.

Wanda na fi so shi ne kwalin da ka gani. A huda ɗan ƙaramin rami a gefe ɗaya, a manna farar takarda mai shara-shara a ɗaya gefen, sai ga taga da bishiya sun fito kai a ƙasa. Leonardo ya yi rubutu a kan wannan, amma Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya riga shi da shekara kusan ɗari biyar, littafinsa na ilimin gani an juya shi zuwa Latin har masu zanen birnin Florens suka karanta. Wannan kam ba na bari ya wuce ban maimaita ba.

Maganar tsiraici gaskiyarka ne, akwai. Gunkin David da ke Florens ya haura mita 5 kuma ko ɗan kamfai babu. Ba ma ɓoye musu, tun a gida muke cewa za ku ga dutse ne mutum ya sassaƙa, ba ya ji ba ya gani, ku kau da kai ku wuce. Zanen bangon nan na Leonardo ma da suke cewa Annabi Isa ne da almajiransa, wanda minti 15 kacal ake barin mutum a gabansa, muna gaya musu mai zanen bai taɓa ganin fuskarsa ba. Akwai gidajen da in fitar ta haɗa da coci ba sa sa hannu, kuma ba mai ce musu don me.

Wannan karon ma gidan kimiyya za su, mai sunan Leonardo, wanda aka buɗe a 1953, injinan katako ne da aka harhaɗa daga zane-zanensa. Kowa na ba shi abu ɗaya ya nemo, Ummi nata fukafukin tashi sama ne, ta gano min me ya hana shi tashi. Ita kuma ta ce dan Allah in ka bi ta Ƙofar Mata ka ɗauko mata hoton rijiyoyin rini, za ta nuna ma malamarsu kafin Alhamis.