Takobin Japan da na gada, ya zan gane shekarunsa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani takobi da aka ce daga yaƙin Bama ya dawo da shi, wai na sojan Japan ne. Ƙarfen ya kai santimita 66, kuben na ƙarfe ne, ƙotar kuma an naɗe ta da zare. Wani abokina ya ce in cire ƙotar in goge tsatsar ciki da samfefa ko rubutun zai fito. Ya zan san shekarar da aka ƙera shi, kuma na gaske ne ko jabu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan tsoho. Ɗan'uwa don Allah ajiye samfefar nan tukuna, abokin naka da kyakkyawar niyya ya faɗa amma wallahi da ka bi tasa da ka yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wannan tsatsar da ke jikin wutsiyar takobin, wato ƙarfen da ya shige cikin ƙota wanda Japanawa ke ce wa nakago, ita ce shaidar shekarunsa. Masana da launinta suke fara karatu, in baƙa ce ƙirin ta kwanta luf to ƙarfen ya kwana biyu, ɗaruruwan shekaru ma kan iya zama, in kuwa ja-ja ce sama-sama kuma zanen magagari na nan raɗau, to bai wuce na ƙarni na 20 ba. Ka goge ta, ka goge shaidar, darajar ma ta zube.

Cire ƙotar ba wuya. Akwai ɗan tsinken gora da ya ratsa ta, mekugi, sai ka tura shi a hankali ta ɓangaren da ya fi siriri, ka riƙe takobin a tsaye kaifin na kallon gaba, ka bugi wuyan hannunka da ɗaya hannun, za ka ji ta saki. In ta ƙi kar ka sa guduma.

To yanzu rubutu. Galibi gefe ɗaya sunan maƙeri ne da garinsu, ɗaya gefen kuma kwanan wata, sai dai su da zamanin sarautar sarki suke lissafi. In ka ga 昭和 a farko, Showa kenan, wanda ya fara a 1926, sai ka ɗora 1925 kan lambar da ta biyo, misali 十八年 shekara ta 18 ce, kaga 1943 kenan. In zamunan da suka gabace shi ne, Taisho a ƙara 1911, Meiji 1867. Duba kuma ko akwai ɗan ƙaramin hatimi can sama kusa da inda ƙota ta tsaya, irin na garin Seki ko na Showa mai furen ceri, wannan yawanci alama ce ta takobin da aka yi wa soja da ƙarfen masana'anta ba ta hanyar gargajiya ba, ana ce musu showato.

Amma fa abin da ya sa nake ta jan kunnenka shi ne kube ba ya nuna shekarun takobi. Yadda ka siffanta naka ya yi kama da kayan hafsa, don na ƙananan sojoji, samfurin 95, yawanci ƙotarsu alminiyam ce da aka zuba ta kamar naɗin zare, ga lamba a jikin ƙarfen. Hafsoshi kuwa wasunsu takobin gidansu na kaka da kakanni suka ɗauka aka sa masa kuben soja suka tafi fagen daga da shi, don haka ana samun na kafin 1596, wanda ake kira koto, cikin kuben 1940. In ka ga huda biyu ko uku a wutsiyar, wataƙila an sha canja masa ƙota ko an rage tsawonsa, wani lokacin ma sunan maƙerin ya tafi da guntun da aka yanke. Rashin suna ba aibu ba ne.

Ganin babban suna ma kar ya sa ka fara lissafin kuɗi, sa hannun ƙarya da suke kira gimei ya yi yawa, tun zamanin samurai, mayaƙan Japan na dā, ake wannan ha'incin. Masu tantancewa su ne irin ƙungiyar adana takubban Japan, NBTHK, da ke Tokyo, wadda aka kafa a 1948, su ke ba da takardar shaida bayan sun riƙe takobin a hannu.

Kafin nan, kar ka taɓa farin ƙarfen da yatsa, gumi na cin sa. Shafa masa ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi, amma banda wutsiyar, ita a bar ta yadda take. Sai ka ɗauki hoton gefe biyun nata a hasken rana, tsinin takobin na kallon sama, ka turo mana mu karanta maka.