Kwana biyu sun isa a ga birnin York?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwana biyu za su ishe ka yawon buɗe ido a York da ke Ingila. Za su isa, har da saura. Daga tashar King's Cross ta Landan tafiyar kusan awa 2 ce a jirgin ƙasa, kuma tsohon garin a dunƙule yake, da ƙafa za ka gama shi. Ranar farko ka hau ganuwar birnin, wajen kilomita 3 ce, ba a biyan ko kwabo. Kana saukowa ka bi ta lungun Shambles zuwa babban cocin York Minster. Shi kam sai da tikiti, hasumiyarsa kuma matakala 275 ce, in gwiwarka na ciwo ka haƙura. Washegari sai gidan tarihin jiragen ƙasa da ke bayan tasha, shi ma kyauta ne.

Sharaɗi ɗaya dai, ka duba lokacin da za ka je. Ni a watan Disamba na je, ƙarfe 4 na yamma duhu ya fara, aka rufe ganuwar ban kai rabi ba, abin ya dame ni ƙwarai. In da sanyi za ka, fara da ganuwar tun da safe. Akwai masallaci a titin Bull Lane in Juma'a ta riske ka.