Tambayi Bakanike: Mota mai mutuwa in ta ɗau zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ina da Peugeot 504 haɗin Kaduna da na gada wajen mahaifina. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na kama hanyar Zariya inji ya yi zafi, sai ta fara fizga ta mutu. In na jira rabin awa ta tashi. An wanke kafireta, an sake famfon mai, yanzu an ce in sayi batir. Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka sayi batir. Muddin yana juya inji da ƙarfi, ba shi da laifi.

Abin da ke ci mini rai da irin wannan gyara shi ne a duba mota a gareji bayan ta huce, alhali ciwonta sai da zafi yake fitowa, mai mota kuwa yana ta kashe kuɗi a kan tsammani. Gwajin a bakin titi za ka yi shi, a daidai lokacin da ta mutu.

Ka cire ta daga giya, ka ja birkin hannu. Ka zare babbar wayar da ta taso daga kwayil ta shiga tsakiyar murfin distiributa (ta wajen distiributar za ka zare), ka riƙe ta da filaya mai roba, bakinta kamar rabin santimita daga ƙarfen inji, nesa da kafireta da tiyon fetur. Wani ya murza makulli. In ka ga shuɗiyar wuta tana tsalle tas-tas, wuta lafiya take, sai a duba ko tiyon mai ya kwanta a wuri mai zafi har fetur yana zama tururi. In kuwa wutar ja ce mara ƙarfi, ko babu ita, na fi zargin kwayil.

Aikinsa shi ne ɗaga volt 12 na batir zuwa dubbai, kuma cikinsa siririyar waya ce a naɗe. In ta tsufa, zafi kan buɗe inda ta yi rauni, wuta ta yanke, in ta huce ta sake haɗuwa. Ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma. In motar ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, ka kama ɓarawonka. Wajen saye ka kula, akwai kwayil mai bukatar razista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga kwayil), akwai mara bukata. Na farkon in aka ɗaura shi babu razista, zai yi ta zafi ya ƙone. Haka ma barin makulli a kunne inji a kashe, ana sauraron rediyo.

Kwandensa, ɗan gwangwanin da ke haɗe da distiributa, ita ma takan yi wannan hali. Buɗe distiributa ka dubi bakin kontak: in ya ƙone ya yi rami, a sake shi tare da kwandensa, a saita tazarar a milimita 0.4. Ka duba murfin kuma ko ya tsage.

TAMBAYA: Oga, jar fitilar batir ba ta mutuwa sarai in ina tafiya, tana ɗan haske. Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malam, fara da bel ɗin altaneta, ko ya saki. Sannan a sa mita a kan batir: inji a kashe wajen volt 12.6, inji yana aiki tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai haka ba, a kwance altaneta a duba burushi da diyod. Roƙona ɗaya, kada ka yarda a zare kan batir inji yana aiki da sunan gwaji, don yana iya ƙona altanetar da ba ta da komai.