Ku Tambayi Mama: Sai Ina da Buƙata Nake Tuna Allah

TAMBAYA: Mama, barka da aiki. Ni tela ce a unguwar Brigade, an haife ni a gidan Kirista, an yi mini baftisma. Amma na lura addu'ata ba ta yin zafi sai ina neman wani abu. In kuɗin haya ya gabato, ko keken ɗinki ya lalace, har azumi nake yi. Da ɗinkin Kirsimeti ya yi mini yawa bara, ko Zumuntar Mata na daina zuwa. Kwanan nan na yi azumi a kan ɗinkin ankon wani babban biki, sai aka ba maƙwabciyata, ga haya ta taso. Na yi fushi da Allah, na kasa addu'a. Anya ni mai bi ce kuwa? Ko in daina roƙo gaba ɗaya?
Wata 'yarki daga Brigade, Kano

AMSA: 'Yata, sannu. Kada ki daina roƙo. Yesu da bakinsa ya koya mana mu roƙi abincin yini a Matiyu 6:11, kuma kuɗin haya da gyaran keke duk suna cikin abincin yini. Abin da ya ɓata naki shi ne kin mai da addu'a ciniki: kin biya da azumi, kina jiran a miƙo kaya, da ba a miƙo ba sai kika ga an cuce ki. Ban ɗora miki laifin duka ba. Ki bi titunan Sabon Gari ki karanta takardun tallar wa'azi da aka manna a bango, kusan kowanne alkawarin buɗi ne da kuɗi da miji. Wa'azin "shuka iri ka girbi ninki" ya cika kunnuwan 'ya'yanmu, ni kam ina ganin ya raunana masu bi da yawa.

Wannan hali ya daɗe. A Yahaya sura 6, bayan Yesu ya ciyar da mutum 5,000, taron suka shiga jirage suka bi shi har Kafarnahum. Bai yaba musu ba. Ya ce suna nemansa ne don sun ci gurasa sun ƙoshi. Da ya fara koyarwa mai nauyi, da yawa cikin almajiransa suka janye. Sai ya juya ga sha biyun ya tambaye su ko su ma za su tafi. Bitrus ya ce, wurin wa za su je, alhali shi ke da maganar rai madawwami? Bitrus ma ai ya ci gurasar nan, amma ba ita ta riƙe shi ba.

Inda nake so ki zauna ki yi nazari sosai shi ne Daniyel 3:17-18. Shadrak da Meshak da Abednego suna tsaye a gaban sarki Nebukadnezzar, ga tanderu yana ci. Suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu. Sannan suka ƙara cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin zinariya sujada ba. Lokacin da suke faɗin haka ba su san yadda za ta kaya ba. Mu ne masu karatu muka san ƙarshen labarin. Bulus kuwa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ki duba 2 Korantiyawa 12:8-9. Ubangijinmu ma a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya rufe da cewa ba nufinsa ba, sai na Uba. Dukansu sun dogara ga Allah da gaske, ba wanda ya gindaya masa sharaɗi.

Batun ko ke mai bi ce, da abin bai dame ki ba, da ba ki ɗauki biro ba. Fushin ma ki kai masa yadda yake, Zabura cike take da irin wannan kuka. Gobe da asuba, kafin ki buɗe shago, ki yi Addu'ar Ubangiji a hankali, ki bi jerinta: sunansa, mulkinsa, nufinsa, sannan abinci. Ki tsaya a kan ukun farko har sai kin san abin da kike faɗa.

Mai wuyar kuma ita ce maƙwabciyarki. Ki ambaci sunanta a addu'a, ki roƙa mata kada a ɗauke wutar lantarki, ɗinkin ya yi kyau, a biya ta cikakke. Da farko bakinki zai yi nauyi, ki ci gaba. Ki leƙa shagonta ki yi mata barka, in aiki ya sha mata kai ki kama mata kalmasa ko sa maɓalli.

Ki koma Zumuntar Mata wannan makon, kada ki jira sai kin ji daɗin zuwa. Maganar haya kuma, ki je wurin mai gidan tun kafin ranar ta zo ki nemi ya ƙara miki lokaci, ki kuma sanar da shugabar zumuntarku halin da kike ciki.