Shin a Taron Balin aka raba Katsina da Maraɗi?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, ina rubutu kan dangantakar Turai da Afirka. Mai duba aikina ya soke mini babi guda saboda na ce a Taron Balin aka shata iyakar Najeriya da Nijar. Lokaci ya ƙure, hankalina a tashe yake. Ina kuskurena?

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, babin zai gyaru. Amma malaminki ya yi daidai.

Wannan labari na cewa Turawa sun shimfiɗa taswira a Balin, babban birnin Jamus, suka ɗauki rula suka yanka Afirka kamar waina, ya zama ruwan dare. Masu wa'azin tarihi a WhatsApp suna maimaita shi kullum, alhali ko shafi ɗaya na takardar taron ba su taɓa buɗewa ba. Taron ya zauna daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, ƙasashe 14, har da Amurka da Daular Usmaniyya, babu wakilin Afirka ko ɗaya. Abin da suka rattaba wa hannu shi ne 'yancin kasuwanci a yankin Kwango, zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da Kwara, da sharaɗin cewa wanda ya kama sabon wuri a gaɓar teku ya sanar da sauran, ya kafa iko na zahiri. Babu layin da aka ja tsakanin Katsina da Maraɗi.

Illar wannan kuskure ita ce yana rufe wa ɗalibi ido, ya ɗauka Turawa baki ɗaya suke, alhali kishiyoyi ne masu ciniki da ƙasar mutane. Yana kuma shafe shekarun da aka yi ana gwabzawa: Damagaram sai 1899 ta faɗa hannun Faransa, Kano da Sakkwato sai 1903.

Iyakar da kike nema a yarjejeniyoyin Ingila da Faransa take. A 1890 suka ja layi daga garin Say da ke bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A 1898 suka zagaye Sakkwato da baka mai nisan mil 100, Faransawa suka tarar hanyarsu zuwa Damagaram ta bi ta inda babu rijiyoyi. A 1904 Ingila ta matsa layin kudu, ita kuma Faransa ta saki wani haƙƙinta na kamun kifi a Newfoundland, wani tsibiri a gabashin Kanada ta yau. Ki duba wannan da kyau: kifin gaɓar Kanada ya shiga lissafin garuruwan Hausa. An kammala yarjejeniyar iyakar a 1906, aka bi ƙasa ana kafa alamomi har 1908.

Sake gina babin bisa waɗannan yarjejeniyoyi huɗu na 1890, 1898, 1904 da 1906, kowace da taswirarta, ki bar wa Balin sakin layi ɗaya. Ki kuma ambata cewa Maraɗi ta rabu da Katsina tun bayan jihadi, kafin Bature ya iso.