Tambaya da Amsa: Wai maganin nukiliyar da aka ba Mama ba zai fita daga jikinta ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Mamanmu ce ke fama da maƙoƙo irin mai sa rama da bugun zuciya, sai likita ya ba ta ƙwaya ɗaya tak wai aidin mai radiyeshin, ya ce kar jikoki su raɓe ta na 'yan kwanaki, kofinta ma daban. Yanzu kowa a gida tsoro yake ji, gwaggonmu ma cewa ta yi ai abin nukiliya in ya shiga jiki sai dai a kabari. Da gaske ne? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kwantar wa Gwaggo da nata.

Abin da aka ba Mama sunansa aidin-131, kuma da kansa yake cinye kansa, duk kwana 8 rabinsa ya tafi. Wannan shi masana ke kira rabin wa'adi. Ki ɗauka yau mudu guda ne, bayan kwana 8 saura rabin mudu, kwana 16 kwata, kwana 24 rabin kwata, kafin kwana 80 abin da ya rage bai wuce ɗaya cikin dubu ba, balle ma wani kaso daga cikinsa tun a kwanakin farko yake bin fitsari ya fice. Kuma wannan agogon ba abin da ke taɓa shi, zafi ko sanyi ko wani jiƙo. Dalilin ba ta shi kuwa, wata halitta a gaban wuya da ake kira tayiroid, wadda kumburinta ne maƙoƙo, ita ke zuƙe aidin a jiki, sai maganin ya taru can ya rage wa halittar ƙarfi. Tun shekarun 1940 ake wannan magani fa, ba gwaji ake yi da Mama ba.

Gwaggo dai tana da 'yar hujja, akwai masu daɗewa. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit rabin wa'adinsa shekara biliyan 4.5 ne. Wanda ya fi burge ni shi ne kabon-14 mai shekara 5,730, da shi aka auna shekarun kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a Yobe a 1987 yana haƙa rijiya, aka gano ya kai shekara 8,000. Amma ba waɗannan aka ba Mama ba.

Ku bi abin da likita ya ce sak: ta kwana ita kaɗai, ta yawaita shan ruwa, a zuba ruwa sosai a bayi, masu ciki da ƙananan yara su ɗan ja baya. Dan Allah kar ku ƙaurace mata kamar mai annoba, a zauna daga ɗan nesa a yi hira da ita. Kuma kar ta fasa komawa gwajin jini, don wani lokaci aikin halittar kan yi ƙasa fiye da kima, sai a ɗora ta kan ƙwayar da za ta cike gurbi.