Tambaya da Amsa: Biyan Kuɗin Rajistar Taron Ƙasa da Ƙasa

Tambaya: Zan halarci wani taron ƙara wa juna sani a Jamus, sai masu shirya shi suka ce in tura kuɗin rajista ta banki, alhali a Amurka kati kawai aka nema. Me ya kawo wannan bambanci?

Amsa: Mai karatu, masu shirya taro sukan bi hanyar biyan da mutanen ƙasarsu suka saba da ita. A ƙasashen da ke cikin tsarin SEPA (tsarin bai-ɗaya na tura kuɗin Yuro tsakanin bankunan Turai), har da Jamus, tura Yuro daga asusu zuwa asusu da lambar IBAN (lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa) abu ne mai sauƙi da arha, a Amurka kuwa kati ya fi karɓuwa. Wasu ƙasashen suna da nasu tsarin biyan kuɗi kai tsaye daga asusun banki: Holan tana da iDEAL, Indiya kuma UPI, amma galibi sai mai asusun cikin gida ke cin moriyarsu.

Idan daga wajen SEPA za ka tura, ta SWIFT, wato hanyar sadarwar da bankunan duniya ke amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi, kuɗin zai bi, kuma bankunan da ke tsakani sukan zaftare ladansu, har abin da ya isa ya gaza kuɗin rajistar. Saboda haka ina ba ka shawara ka zaɓi OUR (wato mai turawa ne zai biya caji) a fom ɗin banki domin ka ɗauki nauyin cajin duka, ka kuma rubuta lambar rajistarka a gurbin bayani.